Hawa da Saukar Tattalin Arziki

Kowa a Fakku ya san buhun gero yakan yi araha da kaka, ya yi tsada da damina kafin sabon hatsi ya shigo. Wannan juyi na shekara ne, yaro ma ya san lokacinsa. Amma akwai wani juyi babba mai ɗaukar shekaru, wanda ke shafar ƙasa duka: arziki ya bunƙasa, ya kai ƙololuwa, ya karye, sa'an nan ya farfaɗo. Masana suna kiransa zagayen kasuwanci. A Littafin Farawa an sanar da Fir'auna shekaru bakwai na ƙoshi da bakwai na yunwa tun kafin su zo. Namu ba shi da ƙayyadadden lokaci, ba ya kuwa sallama.

A Nijeriya man fetur ne ke jan akala. Daga 1973 zuwa 1974 gangar mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Aka biya ƙarin albashin Udoji, aka soma shirin ilimin firamare kyauta a 1976, aka gina madatsar Bakolori. Ciniki, gine-gine da shigo da kaya duk suka hau tare, gama su abokan tafiyar arziki ne. Rashin aiki kuwa kishiya ne: arziki na hawa, shi yana sauka.

Daga 1981 farashin mai ya soma zamewa. A 1982 Shugaba Shehu Shagari, maƙwabcinmu, ya kawo dokar tsuke bakin aljihu. Kwangiloli suka tsaya, malamai a jihohi da dama suka yi watanni ba albashi. A 1986 ganga ta faɗi ƙasa da dala 15, Janar Babangida ya kawo SAP, darajar naira ta karye.

Ga inda muke so ɗalibanmu su lura da kyau. Littattafan da aka rubuta a Ingila da Amurka sukan koyar cewa in ciniki ya mutu, hauhawar farashi na lafawa. A nan sau da yawa akasin haka muke gani. Daga mai muke samun dala. In ta yi ƙaranci sai naira ta faɗi, taki da magani da kayan gyaran injin ban ruwa su yi tsada, alhali aljihu ya bushe. A 2016 arzikin ƙasa ya ragu da kashi 1.6 cikin ɗari, amma hauhawar farashi ta haura kashi 18. Wanda ya haddace littafi kawai zai sha mamaki a kasuwa.

Kuma ba tare suke motsi ba. Farashin mai ne a gaba. Kason jihohi da ƙananan hukumomi ya biyo baya, sai albashi, sai cinikin mahauci a kasuwar Tambuwal. Aikin yi shi ne na ƙarshen dawowa, domin mai shago ba ya ɗaukar yaro sai ya tabbata ciniki ya zauna.