Abin Da Masana Suka Gano Game Da Itatuwa

Da yawa cikinmu sun ɗauka daji wurin saran itacen girki ne kawai. Alhali kuwa nazarinsa ilmi ne mai zaman kansa. Jami'ar Ibadan ta buɗe sashensa tun 1963, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ma tana koyar da shi.

Ga yadda masana suke yi. Sukan keɓe fili, su ƙidaya itatuwan ciki, su auna kaurin kowanne daidai ƙirji, su ɗebi ƙasa su gwada. Bayan 'yan shekaru sai su komo su sake awo. Ta haka ake gane ko dajin yana ƙaruwa ko yana ƙarewa.

Bincike ya gaskata kakanninmu game da gawo. Da damina yake zubar da ganye, saboda haka ba ya tsare wa gero rana, ganyen kuma taki ne.

A ƙasar Maraɗi, daga 1983, manoma suka fara barin tohon kututture lokacin sassabe, suna rage shi su bar mai ƙarfi. Da masanan Jami'ar Yamai da abokansu suka bincika, an ƙiyasta itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo gonakin Nijar.

To, Kabi tana cikin jihohi 11 da hamada ke yi wa barazana. In iyayenmu na Gwandu da Kalgo suka gwada wannan dabara, ba ta cin ko sisi, sai wuƙa da haƙuri. Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya sa mu gane, amin.