Warwarar Saƙa Ba Asara Ba Ce

Akwai wata magana da ta zauna a bakin masu saƙa da yawa, tun daga iyayenmu da suka tsufa da kwarashi a hannu har zuwa 'yan matan da ke fitowa daga cibiyoyin koyon sana'a: wai zaren da aka taɓa saƙawa ya gama yayinsa. In rigar sanyi ta yi wa yaro kaɗan, ko hula ta fito a karkace, ko an fara mayafin jariri an gaji an ajiye, sai dai a cusa a ƙasan akwati. Wadda ta zauna warwarewa kuwa, a ce rowa ce ke damunta, zaren ya riga ya mutu, kuma ta mayar da wahalarta ta farko banza. Masu wannan ra'ayi sun san sana'ar, wasunsu ma su suka koya wa unguwa guda saƙa. Duk da haka, tare da girmamawa, ina ganin a nan hukuncinsu ya yi tsauri.

Suna da gaskiya ta wani ɓangare. Ulun gashin tumaki da aka wanke da ruwan zafi aka cuɗa har ya dunƙule ya zama kamar bargo ba ya warwaruwa. Zaren da ya sha gogayya a gwiwar hannu da bakin hannun riga yakan sirance. Wanda asu ya ci kuwa tsinkewa yake yi gaɓa gaɓa. Amma waɗannan cututtuka ne da ido ke gani, a yanke wurin a yar, a ci gaba da sauran. Galibin abin da ke kwance a akwatunanmu ba ya cikinsu, don wasu kayan ko sau ɗaya ba a sa su ba. Laifin na awo ne ko na fasali. Zaren lafiyarsa lau.

Abin da ke tsorata mutane shi ne lanƙwasar da zare ke fitowa da ita. Wannan ba rauni ba ne. Saƙa zare ɗaya ne da aka yi ta sarƙafawa madauki cikin madauki, ya daɗe a haka sai ya riƙe siffar. Maganinsa sananne ne. A fara warwara daga inda aka rufe saƙar, a nannaɗe zaren a bayan kujera, a ɗaure shi wuri uku ko huɗu don kada ya harɗe. In ulun tumaki ne, a jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kaɗan ba tare da cuɗawa ba, a matse a hankali cikin tawul, a shanya a inuwa. In na roba ne, wato akirilik, wanda shi ya fi yawa a kasuwanninmu, tururi kaɗan ya ishe shi, amma kada dutsen guga ya taɓa shi, zafi yana kashe masa tsalle. Wadda ba ta san wane iri ke hannunta ba, ta ƙona ɗan guntu: na tumaki yana warin ƙonannen gashi ya bar tokar da ke murmushewa, na roba narkewa yake ya daskare.

Batun rowa kuma, tarihi bai goyi bayansa ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a 1941, Birtaniya ta ƙayyade sayen tufafi da takardun rabo, har da ulun saƙa. A 1943 gwamnati ta fitar da ɗan littafin Make Do and Mend, wanda cikin shawarwarinsa akwai warware tsofaffin rigunan sanyi a sake saƙa su. Ba a ɗage ƙayyadewar ba sai 1949. Shekaru takwas mata na tufatar da iyalansu ta wannan hanya, kuma ƙwarewa aka ɗauke ta, ba abin kunya ba. Mu da addini da tarbiyya suka hana mu almubazzaranci, bai kamata mu riƙa yi wa mai tattali dariya ba.

A duba kuma inda abin da muka yar yake zuwa. Akirilik daga sinadaran man fetur ake yin sa, ba ya ruɓewa a juji, yana toshe kwata, in an ƙona ya ba da hayaƙi mai cutarwa. A kasuwar Kantamanto ta Accra, dilolin gwanjo da ake shigowa da su wani kaso mai yawa shara yake zama, har bakin teku ana tsintarsa. Alhali a cikin irin wannan gwanjon, a can da nan, akwai rigunan ulu na asali da sabon zarensu ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu. Sai dai a juya rigar a duba ɗinkin gefe. In an haɗa ta da ɗinki mai kamar sarƙa, za ta ba da dogon zare. In wibin aka yi mata, an yanka saƙar ke nan, guntaye kawai za a samu, a bar ta.

Saura zancen wahalar da ta tafi a banza. Ai tun ranar da rigar ta shiga ƙasan akwati wahalar ta tafi, warwara ba ta ƙara mata komai. Abin da hannu ya koya a wannan aikin yana nan, ga kuma kuɗin zare da za a iya cetowa. Rigar babba guda tana fitar da hular jariri da safa da 'yar riga, har a yi saura.

Gani ya kori ji. Hajiya, kafin hunturu ya shigo, ki saƙa ƙyalle biyu masu faɗin tafin hannu, ɗaya da sabon zare, ɗaya da warwararre da aka gyara yadda na faɗa. Ki wanke su, ki miƙa wa ƙwararriyar da ta fi kowa musu ta ware miki su. In ta iya, ta faɗa mana ta ina ta gane. In ta kasa, sai a buɗe akwatunan.