Ira Aldridge, Ɗan Mai Wa'azi Wanda Ya Zama Gwanin Wasan Kwaikwayo

Kowace shekara in Kirsimati ya matso, mukan ga yaranmu sun naɗa zannuwan iyayensu a ka, suna riƙe da sanduna, wai su ne makiyaya. A cikinsu ba a rasa yaro guda wanda in ya fito a kan shi ne Hirudus, sai dukan jama'a su yi tsit. Mukan tafa masa, kashegari kuwa mu ce ya bar wasa ya kama karatu. A wannan wata muna so mu ba ku labarin wani yaro irin wannan, wanda bai bar wasan ba har ƙarshen ransa.

An haifi Ira Aldridge a birnin Niyok na Amurka ran 24 ga Yuli, 1807. Baƙar fata ne, amma ɗa ne, ba bawa ba, ko da yake a lokacin 'yan'uwansa da yawa suna cikin bauta a ƙasar. Ubansa Daniel yana sayar da ciyawa, yana kuma wa'azi, burinsa shi ne yaron ya zama mai hidimar ikkilisiya. Ya sa shi makarantar da aka buɗe domin 'ya'yan baƙaƙe a birnin. Amma zuciyar yaron tana wani wuri dabam. A 1821 waɗansu baƙaƙen mutane suka kafa gidan wasan kwaikwayo nasu na kansu a Niyok, nan Ira ya fara koyo. Fararen maƙwabta suka yi ta tsananta musu, har cikin 'yan shekaru kaɗan aka rufe gidan. Da Ira ya ga ba hanya, sai ya shiga jirgin ruwa ya haye Ingila, yana da shekara wajen 17.

Shekarun yawo

A 1825 ya fara fitowa a ƙananan gidajen wasa na Landan. Wata babbar jarida ta yi masa ba'a, ta ce wai irin leɓunansa ba za su iya furta Turanci daidai ba. Manyan gidaje suka rufe masa ƙofa. To, in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Ira ya bar babban birni ya nufi larduna.

Ga yadda aikin yake a zamanin nan. Kowane gari mai ɗan girma yana da gidan wasa da 'yan wasansa na kullum. Baƙon gwani yakan iso cikin keken doki, ya gwada wasan da su sau ɗaya ko biyu, ya yi 'yan kwanaki yana wasa, sa'an nan ya ɗaure kayansa ya wuce gari na gaba. Akan ba shi dare guda wanda zai sami rabo mai kyau daga kuɗin ƙofa. In ruwa ya hana mutane fitowa a daren nan, ya yi hasara ke nan. Haka Ira ya yi ta zagaya Ingila da Sikotlan da Ailan fiye da shekara 25. A 1828, yana da shekara 20 kawai, aka danƙa masa riƙon gidan wasa na garin Kwabantiri na ɗan lokaci. Kafin shi ba baƙin mutumin da ya taɓa shugabantar gidan wasa a Birtaniya.

Wasan da aka fi saninsa da shi shi ne Otelo, wanda Shekisfiya ya rubuta wajen 1604. Labarin wani baƙin sarkin yaƙi ne a birnin Benis, wanda ya auri farar mace mai suna Desdemona. Wani na ƙarƙashinsa, Iyago, ya yi ta zuba masa dafin tsegumi a kunne, har kishi ya rufe masa ido ya kashe matarsa marar laifi. Shekara fiye da 200 fararen mutane ne suke shafa baƙi a fuska su yi Otelo. Yanzu ga baƙin mutum na ainihi a gabansu, mai murya da natsuwa, yana sa su kuka. Sau da yawa a daren sallama yakan tsaya bayan an gama wasa, ya yi wa jama'a magana a kan muguntar bauta, ya roƙe su su tuna da 'yan'uwansa da ke cikin sarƙa.

Dare biyu a Landan

Ran 25 ga Maris, 1833, Edmund Kean, wanda ya fi kowa suna a Ingila, ya faɗi a kan dandamali yana cikin yin Otelo a babban gidan wasa na Covent Garden. Aka kira Ira ya ɗauki wasan. Ya fito ran 10 ga Afrilu, masu kallo suka tafa masa. Amma yawancin jaridu suka far masa, waɗansu har suna ƙorafi don baƙin mutum ya taɓa farar mace a bainar jama'a. Mu tuna, a wannan shekara ce majalisar Ingila take muhawara a kan 'yanta bayi, masu gonakin rake kuwa suna da abokai da yawa a Landan. Bayan wasa biyu aka tsai da shi. Yana da shekara 25.

Wani da ya yi zuciya ya bar sana'ar. Ira ya koma larduna, ya yi waɗansu shekara 19 yana gyara aikinsa a gaban manoma da masu saƙa da 'yan kasuwa.

Girma a ƙasashen waje

A 1852 ya haye zuwa sauran ƙasashen Turai, nan ne haƙurinsa ya biya. A Jamus shi yana magana da Turanci, sauran 'yan wasa suna amsa masa da Jamusanci, duk da haka jama'a suka gane, gama fuskarsa da muryarsa sun isa. Sarkin Furushiya ya ba shi lambar zinariya. Ya yi Makbet da Shailok da Sarki Liya, yana shafa fari a fuska, wato abin da aka saba yi ya juya ke nan. A 1858 ya isa Rasha, inda ya yi abota da mawaƙin Yukren Taras Shevchenko, wanda shi ma an haife shi cikin bauta, har ya zana hotonsa. A 1863 ya zama ɗan ƙasar Birtaniya. Ya rasu ran 7 ga Agusta, 1867, a garin Lodz na Polan, yana kan hanyar wasa, yana kuma shirin komawa Amurka wadda ta soke bauta a 1865. Bai sāke ganin ƙasar haihuwarsa ba.

Ba za mu ɓoye muku aibinsa ba. Don ya jawo 'yan kallo, ya bar ana bazawa cewa shi jikan sarakunan Fulani ne daga Senegal. Masu bincike sun tabbatar ƙirƙira ce. Abin tausayi ne a ce sai da rigar sarauta ta aro kafin a saurari ɗan mai sayar da ciyawa, alhali baiwarsa ita kaɗai ta isa.

Aikinsa bai mutu tare da shi ba. 'Yarsa Amanda ta zama malamar waƙa da furuci a Landan, ita ce ta koya wa Paul Robeson sa'ad da zai yi Otelo a 1930. A 2017 mutanen Kwabantiri suka kafa allon tunawa da shi.

Iyaye, muna da tambaya. Daniel ya so ɗansa ya hau bagade, ɗan ya hau dandamali, daga can kuwa ya yi wa dubban mutane magana a kan bayin da ba su da mai faɗa musu. Sa'ad da ƙaramin Hirudus na gidanmu ya tuɓe rawaninsa bana, kafin mu ce masa wasa ya ƙare, bari mu zauna mu tambaye shi abin da yake so ya yi da wannan baiwa.