Ayarin 1851 da Tiyar Geron 2005

Cikin abin da na rubuta a kan Damargu, guda biyu ne har yau ake tuna mini, kuma su ne ni ma nake komawa in karanta. Ɗaya tarihi ne, labarin ayarin gishirin da ya sauko daga Abzin tare da Turawa uku. Ɗayan a kan farashin gero ne a kasuwannin Tanut da Balbeji a yunwar 2005. Masu karatu sun fi son na farko nesa ba kusa ba. Ni kuwa raina ya fi kwanciya da na biyu.

Na tarihin bai ba ni wahala ba, don labarin da kansa mai daɗi ne. James Richardson ɗan Ingila da Jamusawa biyu, Heinrich Barth da Adolf Overweg, sun taso daga Tarabulus a 1850, suka ratsa sahara, suka sauka Tintellust wajen Annur, babba cikin Abzinawan Kel Ewey. Da ayarinsa suka gangaro kudu, kuma a nan Damargu, wajen ƙauyen Tagelel, suka rabu a watan Janairun 1851. Richardson ya nufi Damagaram zamanin Sarki Ibrahim, daga can ya kama hanyar Kukawa, bai kai ba ajali ya cim masa a watan Maris. Overweg ya yi Maraɗi da Gobir. Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya bi ta Tasawa da Katsina ya shiga Kano. Abin da ya faranta wa mutanen gida shi ne shaidar Barth: bayan watanni cikin duwatsu da rairayi, a ƙasarsu ya sake ganin gonakin gero da rumbuna, ya kuma rubuta cewa da hatsin Damargu Abzin ke rayuwa. Duk ɗan Tanut da aka taɓa yi wa gorin cewa garinsu ba shi da komai sai iska da ƙaya ya samu abin ramawa.

Irin wannan rubutu ba ya tsufa, kuma ba ya ɓata wa kowa rai. Matsalarsa ke nan. Kirarin rumbun Abzin yana da daɗin ji, amma a littafin Barth ɗin ne aka nuna cewa Tagelel ƙauyen Annur ne. Da yawa cikin manoman ƙasar bayi ne ko talakawan da ke ƙarƙashin manyan Abzinawa. Geron bisa raƙuma yake tafiya arewa, wani a ci a Abzin, wani a kai Bilma da Fachi a musanya da kantun gishiri da dabino. Mai noma daban, mai ɗiba daban. Stephen Baier ya bi wannan ciniki dalla-dalla a littafinsa na 1980 kan tarihin tattalin arzikin tsakiyar Nijar. Na saka waɗannan bayanai cikin rubutun, amma ban taɓa jin wanda ya ambace su ba. Kowa ya tsinci yabon ya wuce.

Na biyun ba shi da Bature ko sarki. Daminar 2004 ta ɗauke da wuri, farin dango suka sauka a kan abin da ya rage. Abin da na bi sawunsa shi ne kuɗin tiya daga kaka zuwa damina mai zuwa. Da kaka manomi yake sayarwa da araha, don bashi na jiransa, ga haraji, ga biki. Ɗan kasuwa ya tara ya ajiye, wani hatsin ya yi Agadas da Arlit, wani ya tsallaka iyaka zuwa Dawanau a Kano, inda farashi ya fi tsoka a shekarar. Kafin ruwa ya zauna rumbu ya ƙare, sai manomin nan ya dawo kasuwa ya tarar da geronsa ya ninka kuɗi. In babu ko dala a aljihu, ya ɗauki buhu bashi, ya biya da ƙari in an girbe, kakar gaba ma an cinye ta tun tana gona. Makiyayan kwarin Tarka, Fulani da Buzaye, abin ya haɗe musu ta fuska biyu: ciyawa ta ƙare, dabba ta rame, kuɗinta ya faɗi daidai lokacin da hatsi ke hawa. Mata suka koma ɗiban anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita.

Hatsi fa akwai shi a kasuwa, kuɗin saye ne babu. Wannan ita ce maganar da rubutun ya tsaya a kai, kuma ita ta sa na ce sayar da cimaka a farashi mai rahusa, wanda gwamnatin Tandja Mamadou ta fara da shi, ba zai isa ga wanda ba shi da komai ba. Rabon kyauta bai kankama ba sai tsakiyar damina, bayan hotunan yaran Maraɗi sun zagaya duniya, shugaban ƙasa kuma yana cewa babu yunwa a Nijar.

Ban sha yabo a kansa ba. 'Yan kasuwa suka ce na mai da su azzalumai, alhali su ma da bashi suke juyawa, kuma akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu. Wasu ma'aikata suka ce tonon asirin ƙasa ne. Dattawa kuwa cewa suka yi yaro bai ga komai ba, ina 2005 ina yunwar El-Buhari ta 1984, balle farin 1973 da ya share garkuna. Amma kowannensu sai da ya kawo nasa lissafin: nawa ya sayi tiya, nawa ya sayar da akuya, wace kasuwa, wane wata. Na tarihin bai taɓa sa wani ya buɗe baki ya ƙara mini ilimi ba.

Ta wajen daɗin harshe na farko ya fi, ba gardama. Na biyun cike yake da alƙaluma, kuma ƙasar ta sauya bayansa. A 2011 aka cire Balbeji daga Tanut ta zama gundumar kanta, a watan Nuwamban shekarar kuma aka buɗe matatar man SORAZ a ƙaramar hukumar Olelewa, mai tace ganga 20,000 a rana. Duk da haka, da ƙarancin abinci ya dawo a 2010 da 2012, sunan shekara da kuɗin tiya kawai za a canza a rubutun, sauran yana nan daram.

Abin da ya yanke mini hukunci shi ne Barth kansa. Masana tarihi suna komawa littattafansa biyar na 1857 zuwa 1858 ne saboda ya zauna ya rubuta sunayen ƙauyuka, da hanyoyin ayari, da farashin kaya da wuri a kasuwar Kano, abin da a zamaninsa ba wanda zai kira adabi. Don haka na ɗora na biyun a sama.

Matasan da ke rubutu a Tanut da Gangara da Tarka, ranar kasuwa ku riƙa rubuta kuɗin tiya da na rago, da kaka da bazara, ku sa kwanan wata da sunan kasuwar.