Neman Asalin Kakanni Cikin Tsofaffin Takardu

Jama'a da yawa suna zaton da zarar mutum ya rubuta sunan kakansa a intanet, sai tarihin gidansu ya fito. Abin ba haka yake ba. Dandali irin su FamilySearch yana da hotunan tsofaffin rajistoci masu ɗimbin yawa, kuma kyauta ake dubawa, amma galibinsu ba a fitar da sunayen da ke ciki an jera ba. Watau sai mutum ya bi shafi-shafi da idonsa. Don haka lalle ne ya fara sanin inda takardar take kafin ya nemi sunan.

Mu ɗauki Kafancan alal misali. Garin ya bunƙasa ne bayan da ya zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa a 1927, ma'aikata da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina. Kafin 1926 ƙasar Jama'a tana cikin Lardin Nasarawa, daga nan aka mai da ita Lardin Filato, daga baya kuma Lardin Zariya. To, wanda ya duba takardun Zariya kaɗai zai ce babu labarin kakansa, alhali kuwa yana can cikin fayilolin Jos. Dukansu suna Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da aka buɗe a Kaduna a 1957, inda ake wa na Zariya alamar ZARPROF, na Filato kuwa JOSPROF. An ɗauki hoton waɗansu takardun gidan, ana iya ganinsu a shafin Laburaren Biritaniya, amma mafi yawa sai an je da ƙafa.

Har ila yau a kula da sunaye. Joji-joji ba su rubuta Bajju, Atyap ko Ham ba. Kaje, Katab da Jaba suka rubuta. Sunan mutum ɗaya ma akan same shi da rubutu iri uku, gwargwadon kunnen akawu.

Game da ranar haihuwa, kada a sa rai da yawa, domin sai a 1992 aka kafa dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da ake bi yanzu. Littattafan baftisma na coci, rajistar makaranta da ta kotun alƙali sun fi taimako. Kafin a tashi, a zauna da dattawan gida a rubuta sunan ƙauye, hakimi da mai unguwa na wancan zamani.