Na'urar da Ke Ganin Hasken da Ido Ba Ya Gani

Duk wanda ya bi hanyar Sakkwato zuwa Jega ta Tambuwal, ko ya ci kasuwa a ƙasar Kebbe, ya san 'yan gwangwan masu sayen tsofaffin ƙarafa. Sana'a ce ta rufin asiri, amma akwai wani ƙarfe da ɗaukarsa kan zama ajali. Shi ne ɗan ƙoƙon da ake rufe sinadari mai fitar da hasken gamma a ciki, irin wanda ake amfani da shi a asibitocin ciwon daji, da rijiyoyin mai, da na'urorin auna taurin ƙasa wajen gina hanya. Wannan haske ba shi da launi, ba shi da wari, amma yana ratsa jiki ya lalata ƙwayoyin halitta.

A shekarar 1987, a birnin Goyaniya na ƙasar Barazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka fasa irin wannan ƙoƙo mai sinadarin siziyam-137. Mutum 4 suka rasu, aka kuma gwada jikin mutane kimanin 112,000. A nan gida ma, a Disambar 2002, ƙoƙo biyu na aikin rijiyar mai sun ɓace a yankin Neja-Delta, sai daga baya aka gano su cikin tarkacen ƙarafa a Jamus.

To, yaya ake neman abin da ba a gani? Tsohuwar na'urar Gaiga ƙara kawai take yi idan an kusanci sinadarin, ba ta nuna inda yake. Kyamarar gamma kuwa hoto take bayarwa. Da yake gilashi ba ya iya tanƙwara wannan haske, sai a sa faifan dalma mai huje-huje a gaban wani ƙanƙaran gishiri da ke walƙiya duk lokacin da hasken ya same shi. Daga inuwar da hujojin suka yi ne kwamfuta ke lissafa inda hasken ya fito, ta ɗora alama a kan hoton wurin.

Tsadar kyamarar tana cikin yawan ma'aunan da ke cikinta. Saboda haka masana suka ɓullo da dabarar amfani da ma'auni guda, a riƙa juya faifan a gabansa, lissafi ya cike sauran aikin. Ana ɓata lokaci kaɗan, amma kuɗi na raguwa, mai bincike kuma na iya tsayawa nesa. Idan ya ninka tazararsa sau biyu, hasken da ke isa gare shi ya koma kashi ɗaya cikin huɗu.

A Nijeriya, hukumar NNRA da dokar 1995 ta kafa ita ce mai kula da waɗannan sinadarai, akwai kuma ƙwararru a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Saboda haka, ɗalibai da malamai, in kun ga ƙarfe mai nauyin gaske ɗauke da alamar fuka-fuki uku a kan launin rawaya, kada ku taɓa, kada ku fasa. Ku ja da baya, ku sanar da hukuma, ku kuma faɗakar da 'yan gwangwan na unguwarku.