Ulun da ba daga tunkiya ya fito ba

Da hunturu ya kama a Doguwa da Tudun Wada, kowa sai neman rigar sanyi. Yayata ma tana saƙa wa jarirai huluna. Na daɗe ina zaton zarenta gashin tunkiya ne, ashe yawancinsa daga man fetur yake.

A matatar mai ana samun wata iska, furofilin. Ana haɗa ta da iskar da muke shaƙa da amoniya, wadda ake yin takin yuriya da ita, a zafi sama da digiri 400. Su kaɗai ba sa haɗuwa yadda ake so, sai an sa katalis, wani gari mai ƙarfen bismut da molibdinum. Kamar dillali yake a kasuwar Kwanar Dangora: shi ke ƙulla ciniki, amma ba shi ake saya ba. Ruwan da ake samu, akirilonaitiril, da shi ake yin zaren. Kamfanin Sohio na Amurka ne ya fara haka a 1960.

Wannan zare yana saurin kama wuta, ya narke, ya manne a fata. In ƙaninka na sanye da shi, kar ka bari ya matsa kusa da wutar jin ɗumi.